Gahawar da Ba Gahawa Kaɗai Ba: Yadda Barasa Ke Ɓuya a Ƙarƙashin Kumfa

A Nordstrand, can gaɓar tekun arewacin Jamus, akwai labarin da mutanen wurin ke ba kowane baƙo. Wai a ƙarni na 19 an turo musu wani limamin coci mai tsauri, wanda ko warin giya ba ya son ji. Idan yana wuri, kowa sai ya haƙura da gahawa. Ranar bikin baftismar jaririn wani manomi, liman ya zo ya zauna, ya ƙi tashi. Masu gida suka rasa yadda za su yi da baƙinsu, sai dabara ta faɗo musu: a zuba giyar rake da ake kira rum a cikin gahawa mai zafi, a sa sukari, sannan a lulluɓe saman kofin da kirim ɗin madara mai kauri don kada wari ya tashi. Shi liman aka riƙa ba shi tsurar gahawa da kirim. Tafiya ta yi tafiya, ya ga muryoyi sun fara tashi, dariya ta wuce ta masu shan gahawa. Da asiri ya tonu, wai sai ya daka musu tsawa: "Ku Farisiyawa!" Wato munafukai, da harshen mutanen coci.

Zagin nan shi ya zama sunan abin shan. Har gobe idan ka ce a kawo maka Pharisäer a wannan yanki, abin da za a ajiye maka ke nan. Kuma ba da wasa suka ɗauke shi ba: a 1981 wata kotu a garin Flensburg ta yanke hukunci cewa mililita 20 na rum ya yi kaɗan a kira kofi da wannan suna, bayan wani mai saye ya ƙi biya don ya ji an yi masa ƙwauron giya.

Ko labarin liman ya faru yadda ake faɗa ko an ƙara masa gishiri, ya fito da abin da ya haɗa duk dangin nan na gahawa mai barasa, daga Ayilan zuwa Meziko. Kusan kowannensu an gina shi ne a kan ɓoyo. Kirim ya ɓoye wa hanci da ido, sukari ya ɓoye wa harshe, gahawar kanta ta ɓoye wa ƙwaƙwalwa, sunan da ke kan takardar abinci kuma ya ɓoye wa baƙo. Masu sha sun san abin da suke sha, wannan ba matsalarsu ba ce. Wanda ke faɗawa rami shi ne ɗalibi ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya je taro a Landan ko Madrid, ya duba takarda ya ga kalmar da ya sani, ya ce a kawo.

Kafin mu yi nisa, a bambance iri biyu na abin da ake zubawa. Akwai barasa mai ƙarfi, wadda bayan an tsima hatsi ko rake ko inabi sai a dafa tsimin a tari tururinsa ya koma ruwa. Bambancin burkutu da ogogoro ke nan: na farko tsimi ne kawai, na biyu tsimin da aka turara. A nan ake samun wuski daga hatsi, rum daga rake, barandi daga inabi, sai vodka da grappa. Yawancinsu kashi 40 cikin ɗari barasa ce zalla. Iri na biyu shi ne giya mai zaƙi, wadda ake ɗaukar waccan mai ƙarfin a haɗa ta da sukari da ƙamshin wani abu, gahawa ko lemo ko ganyaye ko madara. A dokar Tarayyar Turai, kafin a kira abu da sunan wannan rukuni, sai yana da aƙalla giram 100 na sukari a kowace lita, ban da 'yan tsirarun da aka sassauta wa, kuma barasarsa ba ta gaza kashi 15 ba. Irin wannan ne ya fi yaudara, don a baki kamar alewa yake.

Wanda ya fi suna a duniya shi ne Irish coffee, gahawar Ayilan. Tarihinsa ya fi na sauran tabbata, domin bai tsufa ba. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen fasinja masu tsallaka Tekun Atilantika irin masu sauka a kan ruwa ne, kuma babbar tasharsu a ɓangaren Turai ita ce Foynes, wani ƙaramin gari a bakin kogin Shannon. Fasinja ya sauka daga jirgi, a ɗauko shi a kwalekwale cikin iska da ruwan sama, ya iso gaɓa yana karkarwa. Kukun gidan abincin tashar, Joe Sheridan, shi ake jingina wa haɗin, wajen 1943. Wai wani dare jirgi ya juyo saboda munin yanayi, sai ya zuba wa fasinjoji wuski a gahawarsu. Wani ya tambaya ko gahawar Birazil ce, ya ce a'a, ta Ayilan ce.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ya mutu tare da tashar, wadda aka daina amfani da ita bayan yaƙi. Sai wani ɗan jarida na San Faransisko ta Amurka, Stanton Delaplane, ya sha shi a filin jirgin Shannon, ya koma gida ya ba mai gidan shaƙatawa na Buena Vista, Jack Koeppler, labari. A Nuwamban 1952 suka zauna gwaji. Abin da ya ba su wahala ba wuski ba ne, ba gahawa ba, kirim ne: duk sanda suka zuba sai ya nutse. Sai da suka gane cewa ana barin kirim ɗin ya kwana biyu, a kaɗa shi kaɗan, kada ya yi ruwa, kada kuma ya daskare. Sukari ma yana da aikinsa a nan, ba don zaƙi kaɗai ba: yana ƙara wa gahawar nauyi, sai kirim ya zauna a sama cas. Shi ya sa ake zuba shi a hankali ta bayan cokali, kuma ba a juyawa. Mai sha yana tsotso baƙin ruwa mai zafi ta cikin farin kirim mai sanyi, kafin zafin wuski ya iso maƙoshi madara ta riga ta shafe hanya.

To nawa ne a ciki? Ma'aunin da ƙungiyar masu haɗa giya ta duniya ta tsayar shi ne wuski mililita 50, gahawa 120, kirim 50, da ƙaramin cokalin sukari. Kashi 40 na 50 ya ba da mililita 20 na barasa zalla. Ƙaramin gwangwanin giya mai mililita 330 da ƙarfin kashi 5 yana ɗauke da 16.5. Ke nan kofin nan mai farar hula, wanda daga nesa ba ka raba shi da kapucino, ya fi gwangwanin giya guda.

Mutanen kudancin Turai ba su damu da hular kirim ba, su a suna suke wasansu. Ba'italiye ya shiga shagon gahawa ya ce a ba shi caffè corretto, ma'ana gahawar da aka yi wa gyara. Gyaran shi ne a ɗiga grappa, barasar da ake turarawa daga tukar inabi, ko giya mai zaƙi da ake kira sambuca, ko barandi, a cikin ɗan mitsitsin kofin esfireso, wato baƙar gahawa mai ƙarfi. Kamar dai gahawa ita kaɗai kuskure ce. A yankin Veneto akwai ma al'adar ɗauraye kofi: a shanye gahawa, a zuba grappa a kan ɗan abin da ya rage a gindi, a karkaɗa a shanye. Wanda ake sha bayan gahawa kuma suna ce masa ammazzacaffè, makashin gahawa. A Sifaniya sunansa carajillo, da barandi ko rum, kuma ana ba da labarin cewa sojojin Sifaniya a Kuba ne ke haɗa shi don samun ƙarfin zuciya, sunan ya fito daga kalmarsu ta jarumta. Masana harshe ba su haɗu a kan wannan ba. Da sunan ya tsallaka Meziko sai ya sauya kama, ya koma esfireso da Licor 43 a kan ƙanƙara, wata giya mai zaƙi ruwan zinare daga garin Cartagena na Sifaniya, mai ƙarfin kashi 31.

Akwai wanda nake ganin ya fi kowanne kama da abin da idonmu ya saba. A tsibirin Tenerife na Sifaniya ana yin barraquito a ƙaramin gilashi, hawa-hawa: madarar gwangwani mai kauri a ƙasa, Licor 43 a kanta, gahawa, kumfar madara, a barbaɗa kirfa, a sa ɓawon lemon tsami. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya ga an kwarara madara mai kauri a gindin kofi kafin a zuba Nescafé, zai ga barraquito ya ce ai ɗan gida ne. Hawa ɗaya ne baƙo a ciki, kuma launinsa ya saje.

Can arewa, inda sanyi ke kashe kunne, ba a tsaya kwalliya. Mutanen yankin Trøndelag na Nowe suna da karsk, gahawa da barasar da a da ake dafawa a gida a ɓoye. Suna ma da barkwanci a kan ma'auninsa: a sa kwabo a gindin kofi, a zuba gahawa har ya ɓace, a zuba barasa har ya bayyana. Faransawan Normandi na zuba barandin tuffa, su ce café calva. Mutanen Siwizalan suna yin tasu da ruwa-ruwa a gilashi, har ana hango haske ta ciki.

Sai kuma juyin da aka yi wa abin: maimakon a zuba giya a gahawa, aka zuba gahawa a kwalbar giya. Kahlúa ta fito daga Meziko a 1936, rum da sukari da gahawar yankin Veracruz. Tia Maria asalinta Jamaika. Da irinsu ake haɗa Black Russian, vodka da giyar gahawa, wanda aka fara yi a otal ɗin Metropole na birnin Brussels a 1949, in an ƙara kirim ya zama White Russian. A 1974 aka fito da Baileys a Ayilan, wuski da kirim a kwalba guda, ƙarfinta kashi 17. Afirka ta Kudu ta yi tata, Amarula, daga 'ya'yan itacen marula, ɗan'uwan danyarmu, ita ma kashi 17. Waɗannan biyun ba sai an je Turai ba, suna kan kantocin manyan shaguna a Legas da Abuja da Akara, kuma a ido kamar shayi mai madara suke. Kashi 17 ya ninka giyar kwalba sau uku da ɗoriya.

Sarkin zamani a wannan fage shi ne espresso martini. Wani mai haɗa giya a Landan, Dick Bradsell, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, kuma shi da bakinsa ya riƙa ba da labarin cewa wata matashiya ce ta nemi abin da zai farkar da ita sannan ya bugar da ita. Vodka mililita 50, giyar gahawa 30, ruwan sukari, esfireso guda, a girgiza da ƙanƙara har ya yi kumfa, a ɗora ƙwayar gahawa uku a sama. In aka lissafa, barasa zalla ta kai kimanin mililita 25, ta kusa babbar kwalbar giya irin ta mililita 600. Buƙatar matashiyar nan kuwa ita ce ainihin inda maganar take.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Tun daga safe, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, yana manne wa wasu gurabe, shi ke kawo jin gajiya da barci. Kafeyin da ke cikin gahawa yana kama da shi a siffa, sai ya riga shi zama a guraben, ya tare ƙofa. Gajiyar tana nan, saƙonta ne ba ya isowa. Ita kuwa barasa rage gudun ƙwaƙwalwa take yi: tunani ya yi nauyi, hannu ya makara, ido ya kasa auna tazara, sannan barci ya zo. Barcin nan da kasalar su ne birkin da jiki ke takawa, su ke sa mashayi ya ajiye kofi ko ya kife a inda yake. Idan aka haɗa biyun, kafeyin ya cire birkin ya bar sauran ɓarnar yadda take. Mutum ido biyu, yana jin kansa garau, alhali hannunsa da hukuncinsa na bugagge ne. Sai ya ƙara wani kofin, sai ya ɗauki makullin mota.

Daga nan ne camfin nan ya samo asali, cewa a ba bugagge baƙar gahawa ya wartsake. Ba ya wartsakewa. Hanta ce ke narkar da barasa, kuma tana da takunta da ba ta sauyawa, giram 7 zuwa 10 a awa ga babban mutum. Kofin Irish coffee guda na ɗauke da kimanin giram 16, aikin awa biyu ke nan, ko an sha tulun gahawa a kai. Kafeyin kuma ya fi barasar daɗewa, don sai bayan kamar awa biyar rabinsa ke barin jini. Mutum ya kwanta barasa ta ja shi barci, tsakar dare ta sake shi, ya farka ya tarar da kafeyin na jiransa.

Hukumomi sun ga wannan a aikace. A Amurka an yi yayin wasu gwangwanaye da aka haɗa barasa da kafeyin tun daga masana'anta, mafi suna Four Loko, har aka riƙa kwasar ɗaliban jami'a zuwa asibiti. A Nuwamban 2010 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta aika wa kamfanoni huɗu takardar gargaɗi cewa ƙara kafeyin a irin wannan giya ba shi da aminci, kamfanonin suka cire shi ko suka daina yin giyar. Abin lura, hukuncin bai taɓa Irish coffee ko espresso martini ba, tun da a kan kafeyin da aka ƙara a masana'anta yake. Ni a ganina bambancin na yawa ne da farashi da yadda ake sha, ba na sinadari ba, domin ƙwaƙwalwa ba ta tambayar ko daga gwangwani abu ya zo ko daga gilashi mai ƙafa. A Afirka ta Yamma ma haɗin ya sauko ƙasa-ƙasa, cikin 'yan ledojin barasa masu ɗanɗanon gahawa da ake gani a tashoshin mota, irin ledojin da hukumar NAFDAC ta Najeriya ta tashi hanawa a farkon 2024.

Akwai wani camfin kuma, na wuta. Wasu daga cikin abubuwan shan nan ana kunna musu wuta a gaban baƙo. A garin Rüdesheim na bakin kogin Rhine a Jamus ana zuba barandin Asbach da sukari a kofi na musamman, a kyasta ashana, a juya, sannan a kashe da gahawa a ɗora kirim, haɗin da aka fito da shi a 1957. A New Orleans ta Amurka akwai café brûlot, barandi da kirfa da kanumfari da ɓawon lemo suna ci da shuɗiyar wuta a kwano. Ma'aikacin gidan zai iya ce maka da zuciya ɗaya ai barasar ta ƙone. Ba ta ƙone ba. Gaskiya ne barasa na tafasa a digiri 78, ƙasa da ruwa, amma in ta gauraya da ruwa ba ta fita lokaci guda, kuma wutar tururin sama kawai take ci, da ƙarfin ya ragu sai ta mutu. Alkaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa abin da aka kunna wa wuta yana riƙe da kimanin kashi 75 na barasarsa. Wanda aka zuba a tafasasshen ruwa aka sauke nan take yana riƙe da 85. Dahuwar minti 15 tana barin 40, sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko zuwa 5. Zafin kofin gahawa bai kai ko'ina ba. Ga Musulmi kuma lissafin kashi bai ma taso ba, tun da hadisi ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Wani abin mamaki a tarihin nan shi ne kalmar da muke amfani da ita. Gahawa daga Larabci muka aro ta, kuma masu ƙamusun Larabci na da sun rubuta cewa ƙahwa ɗaya ce daga cikin sunayen giya tun kafin a san wannan abin sha. Sufayen Yaman ne a ƙarni na 15 suka riƙa shan ta don su raya dare da zikiri, sunan ya koma kanta. Zargi ya biyo ta. A 1511 wani babban jami'in daular Mamaluka ta Masar a Makka, Kha'ir Beg, ya tara malamai da likitoci aka hana shan ta, kuma cikin abin da ya tayar da hankali har da yadda ake zagayawa da kofi a majalisa kamar zaman mashaya. Amsar da ta zo daga Alƙahira ba ta goyi bayan haramta ita kanta gahawar ba, hanin bai yi ƙarko ba. Ta wanke kanta daga zargin maye a hannun malamai, ta bi ta Istanbul da Venice ta shiga Turai, can kuma aka mayar da ita gidan da ta aro suna.

Matafiyi dai aikinsa karanta suna. Idan an jingina gahawa ga wata ƙasa ko al'umma a ƙarshen takardar abinci, kusa da kayan zaƙi, a ce ta Ayilan, ta Faransa, ta Jamaika, ta Meziko, ko Calypso, galibi giyar wannan wurin aka zuba. Gahawar Turkiyya da ta Larabawa da americano ba sa cikin wannan, su hanyar dafawa sunan ke nufi. Corretto, carajillo, royale, martini, duk a bar su. Barraquito ana yin sa ba giya idan an nema tun farko. Tiramisu, kek ɗin Italiya mai gahawa, sau da yawa ana jiƙa shi da giyar Marsala ko rum, kuma ba a gasa shi bayan haka. Affogato, askirim da esfireso, asalinsa ba giya, amma wasu gidajen na ƙara giya mai zaƙi da ake kira amaretto.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne Irish cream. A manyan shagunan gahawa yawanci ruwan sukari ne mai ƙamshi da ba barasa a ciki, a mashaya da gidajen abinci kuwa Baileys ce ko 'yar'uwarta. Kalma ɗaya, kwalba biyu, kuma a kofi launinsu ɗaya. Tambayar "akwai giya a ciki?" ba kullum take wadatarwa ba, don wani ma'aikacin a ransa ɗigon giya mai zaƙi ƙamshi ne kawai, wani kuma ya yarda wuta ta cinye. Gara a ce masa ya nuno kwalbar da zai zuba, a juya bayanta, a nemi lamba mai alamar kashi cikin ɗari.